Tambayi Anti: Kuɗin hannuna ba ya isar kaya da littafi, wanne zan haƙura da shi?

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce ina aji uku a fannin shari'a a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Anti damuwata biyu ce amma duk tushensu ɗaya, wato kuɗi. Kin san mu kullum baƙi da fari muke sawa zuwa aji, toh fararen rigunana duk sun fara ja a wuya da hammata, siket ɗina kuma baƙin ya koɗe ya koma ruwan toka, in na ga wasu ƴan ajinmu da sabbin kaya kusan kowane sati sai inji duk na tsargu na kasa sakewa. Ga anko, duk wata sai an turo wani a gurup. Abu na biyu, ni Allah ya ɗora min son tsofaffin littattafan labari tun ina sakandare, na Hausa da na Turanci, da Baba ya turo kuɗi sai in tsinci kaina a gaban mai littafi. Yayata ta ce ɓata kuɗi ne da lokaci, wai wadda za ta zama lauya ina ta ga lokacin karanta labarin Turawan da suka mutu shekara ɗari biyu da suka wuce. Dan Allah Anti ki ban shawara, in daina sayen littafi ne in gyara shigata ko ya zan yi?

Daga ƴarki a Zariya

Wa'alaikumus salam ƴata, Allah ya yi miki albarka ya ba da sa'ar karatu. Ba za ki haƙura da ko ɗaya ba in sha Allah, abin da na hango a wasiƙarki shi ne kuɗinki na tafiya inda bai kamata ba a duka ɓangarorin biyu, kina sayen littafin da za ki iya samu kyauta, kuma kina neman yawan kaya alhali abin da kike buƙata kaya kaɗan ne masu kyau.

Bari mu fara da kayan. Wannan baƙi da farin da kike gani kamar takura, wallahi rufin asiri ne babba. Ɗalibar da ke wani fannin sai ta yi ta lissafin atamfar da ta sa Litinin kar ta maimaita Laraba, ke kuwa babu mai iya gane siket ɗin jiya ne ko wani ne kika canza, abin da ido ke gani kawai shi ne farin ya fita ko bai fita ba, an goge ko ba a goge ba, ɗinkin ya zauna ko ya yi miki jakwal. Kuma ba kaya ne na shekara ɗaya ba, kina da sauran aji huɗu da biyar, sannan ga shekarar makarantar horar da lauyoyi, ko Bagauda aka tura ki ko Bwari ko Yola can ma baƙi da farin ne, har ma sun fi tsanani a kai. Kinga duk abin da kika saya mai kyau yanzu zai raka ki har can.

Abin da zan ce ki haɗa: farar riga uku, baƙin siket biyu, kwat ɗaya, farin hijabi ko mayafi biyu gwargwadon yadda dokar sashenku ta ce, baƙin takalmi rufaffe ɗaya mara tsini wanda za ki iya wuni da shi a ƙafa. Ba a rana ɗaya ba, wannan watan riga, wata mai zuwa siket. Siket kam yadi za ki saya ki kai wa tela, ya fi na kanti arha kuma ya fi zama a jiki, ki nemi yadi mai ɗan nauyi wanda in kin dunƙule shi a hannu kika saki ba ya riƙe yamutsa, ki ce a sa masa shafi. Farin yadi kuma ki ɗaga shi sama ki kalli haske ta cikinsa, in kina ganin yatsunki ƙarara ki ajiye shi komai arharsa, domin za ki dawo kina neman abin da za ki sa a ciki, ga zafin Zariya a watan Afrilu.

Kwat da farar shat kuwa gwanjo, kuma kar ki ji kunyar wannan ko kaɗan. Manyan ma'aikata da kike gani tsaf-tsaf da yawansu nan suke zuwa. Kwat ɗin gwanjo mai kyau ya fi sabon da ake kawowa mai sheƙi wanda wanki biyu zai tashi daga aiki. In kin shiga Kaduna ga Kasuwar Barci, in Kano ce ga Ƙofar Wambai, a nan Zariya ma Sabon Gari ba a rasawa. Ki saba da mai shago ɗaya, ki tambaye shi ranar da yake buɗe dila, ki je da sassafe ranar domin kayan farko su ne masu kyau, in kuma arha kike nema zalla toh sai ki jira an tsince ki je daga baya ki yi haƙurin tonawa. Ki duba wuya da hammata da bakin hannu, ki ja zif sama da ƙasa, ki ƙirga maɓallai, sannan ki fito da kayan waje cikin rana domin a cikin shago shuɗi mai duhu kan yi kama da baƙi, sai kin je aji ki ga bambanci. In kin kawo gida ki wanke da ruwan ɗumi ki shanya ki goge kafin ya taɓa jikinki.

Wajen ciniki kar ki nuna zumuɗi, kar kuma ki taya abu na farko da kika gani. Ki zaga shago uku ko huɗu ki ji farashi tukuna. In kin taya ya ce albarka ki ƙara kaɗan, in ya ƙi ki yi sallama cikin mutunci ki tafi, in akwai riba a tayinki zai kira ki. Amma ban yarda da tayin wulaƙanci ba, shi ma ɗan kasuwar iyali gare shi kuma tun da aka saki naira a 2023 dala ta tashi, komai da ake shigowa da shi ya yi tsada a hannunsu su ma. Wata dabarar, ku haɗu ku huɗu ko biyar ƴan ajinku ku tara kuɗi, ɗaya ta je Kantin Kwari ko ku ba wata amintacciya saƙo ta yanko muku baƙin yadi da fari da yawa a farashin sari ku raba. Yawancin masu tallar yadi a Instagram da sitatus na WhatsApp daga Kwarin suke sarowa su ɗora ribarsu, ke kuma ki biya kuɗin kawowa a kai, ga shi ba ki taɓa yadin da hannu ba. Ban ce kar a saya wurinsu ba, sana'a suke yi ta halal, amma mai ƙirga kuɗin abinci ba ita ce za ta fara da nan ba. Kuma ki guji sayayya da ɗinki daga tsakiyar azumi zuwa sallah, kaya na tsada tela na cika, bayan sallah da sati biyu za ki same shi zaune yana neman aiki, ya nutsu ya yi miki ɗinki mai kyau.

Jan da rigunanki suka yi kuwa yawanci gumi ne da turare da man shafawa. Turare mai maiƙo kar ya taɓa farin kaya, ki shafa a jiki ki bari ya bushe sannan ki sa riga. Farar riga ba a ajiye ta da datti har ƙarshen sati, ranar da kika cire ranar za ki jiƙa ta, ki goga sabulu a wuya da hammata ki bar shi ya ɗan jima. Kar ki yawaita bilic, yana cin zare kuma yadin roba har rawaya yake sa shi. Ɗan bula a ruwan ɗauraya ya isa. Baƙi kuma ki juya cikinsa waje ki shanya a inuwa, rana ce ke koɗar da shi, guga ma ta ciki za ki yi ko ki ɗora wani ƙyalle a kai domin kar ya yi ƙyalli. Siket ɗin da ya koɗe in yadinsa na da sauran ƙarfi kar ki yar, ki kai wa masu rini su mayar miki da shi baƙi.

Anko kuwa ƴata, ki koyi cewa ba zan samu yi ba wannan karon, Allah ya sanya alheri. Ki ware na ƴan uwa na jiki da aminiya ta gaske, sauran ki sa atamfarki mai kyau ki je ki yi musu murna. Kuma dan Allah ko da wasa kar ki ci bashin manhajojin waya saboda kaya, kar ki karɓi kayan biya kaɗan-kaɗan alhali ba ki da albashi. Na fi son ki shiga ɗan adashi da ƙawayen da kika yarda da su, in kin kwasa ki sayi kwat.

Yanzu ga littafi, kuma a nan ina tare da ke, ki gaishe min da yayarki ki ce mata Anti ta ce ta yi haƙuri ta bar ki. Na san don tana sonki take faɗa, tana tsoron kar labari ya cinye lokacin karatu, kuma wannan tsoron yana da wuri, in jarabawa ta matso ki kulle su a akwati. Amma aikin lauya karatu ne da rubutu da iya jera magana, kuma dokar da kike koyo da yawanta daga zamanin waɗannan marubutan ta fito. Kin riga kin sani tun aji biyu cewa cikin dokokin da Najeriya ta karɓa daga Ingila har da waɗanda ke aiki a can ranar 1 ga Janairu 1900. Hukuncin Carlill da kamfanin Carbolic na 1893 da kuka yi a dokar kwangila, da na Donoghue na 1932 mai dodon koɗi a kwalbar lemo, duk da irin wannan doguwar Turancin aka rubuta su, jimla ɗaya ta ci layi shida. Wanda ya saba da tsofaffin littattafai ba ya firgita in ya gan su, yana bin jimla har ƙarshe ya kamo inda alƙali ya dosa, wanda bai saba ba sai ya koma neman taƙaitawa a waya.

Ki ɗauki Charles Dickens, yana ɗan shekara 15 a 1827 ya fara aiki a matsayin akawu a ofishin lauyoyi a Landan, daga baya ya riƙa ɗauko rahoto a kotu. Littafinsa Bleak House da ya fito kashi-kashi daga 1852 zuwa 1853 an gina shi ne a kan shari'ar gado da aka yi ta ja a kotun Chancery, waɗanda suka fara ta suka mutu ƴaƴa suka gada, ranar da aka zo ƙarshe sai aka tarar kuɗin shari'a ya cinye dukiyar kaf. Wannan kotun ita ce gidan ikwiti, wato ɓangaren doka mai duba adalci inda tsantsar doka ta gaza, kwas ɗin da yawanci ake yi muku a aji huɗu, kuma dokokin 1873 da 1875 ne suka haɗe ta da sauran kotunan Ingila. In kin karanta shi kafin ki shiga kwas ɗin za ki fahimci abin da ya sa aka yi gyaran, kuma za ki tuna da shi duk ranar da kika ga an ɗage shari'ar gadon marayu a nan gida karo bayan karo. Ni ina son lauyan da wannan ɗagewar ke damun zuciyarsa.

Ko Pride and Prejudice na Jane Austen na 1813 da ake ɗauka labarin soyayya ne kawai, ki sake duba shi da idon ɗalibar shari'a. Mutum na da ƴaƴa mata biyar ba namiji, gidansa da gonarsa an ɗaure su da sharaɗin cewa namiji ne kaɗai zai gada, dan haka in ya mutu wani ɗan uwa ne zai kwashe, shi ya sa uwar ta ruɗe da neman yi musu aure. Ki ajiye wannan kusa da ilimin gado na Musulunci da kuke yi a Kongo, inda ƴaƴa mata biyu zuwa sama in ba namiji suke da kashi biyu cikin uku, matar mamaci kuma tana da tumuninta. Sai a 1882 ne ma dokar Ingila ta ba matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta. Wannan kwatancin kaɗai ya isa a rubuta kundin kammala digiri a kai.

Namu na gida kuwa ai a garinsu kike zaune. Gasar rubutu ta 1933 da Hukumar Fassara ta shirya a ƙarƙashin Rupert East a Zariya ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Magana Jari Ce ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930. Kar ki raina su don kin karanta a sakandare. Gobe wadda za ta zo ofishinki tana kuka an hana ta gadon mijinta da Hausa za ta yi miki bayani, a kotun shari'ar Musulunci ma da Hausa za ki tsaya, kuma ba ƙaramin abin takaici ba ne lauya ya kasa fayyace wa mai ƙara matsayinsa da harshen da zai gane. Hausar Imam makaranta ce ta yadda ake jera zance ya shiga kai.

Toh ina kuɗin yake zuba? Wajen sayen abin da ya riga ya zama na kowa. Austen ta rasu a 1817, Dickens a 1870, haƙƙin mallakar littattafansu ya ƙare tuntuni, shafin intanet na Project Gutenberg na da su kyauta kuma halal, ki sauke a waya lokacin da kike da data ki karanta ba tare da intanet ba. Shafin LibriVox kuma na da su a murya, ki sa a kunne kina wanki ko guga. Ga Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru, katin ɗalibarki ya isa. Abin da za ki sa wa kuɗi shi ne littafin da kika san za ki maimaita, shi ma na hannu za ki nema wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai, ki duba shafin ƙarshe yana nan kafin ki biya. Ku kuma haɗu da masu irin ra'ayinki a aji, kowa ya sayi ɗaya ku riƙa musaya. Amma na Imam da ya rasu a 1981 da na Chinua Achebe da ya rasu a 2013 har yanzu suna da masu haƙƙi, domin dokar Najeriya shekara 70 ta ba su bayan rasuwar marubuci, waɗannan ki sayi na asali, bugun Hausa na kamfanin ɗab'i na Arewa, wato NNPC ta Zariya, ba su da tsadar da za ta gagare ki. Bai dace mai karanta shari'a ta riƙa yaɗa kwafin sata a gurup ba.

In kuɗin wata ya shigo ki fara cire na abinci da mota da hendawut da littattafan kwas, waɗannan ba a taɓa su. Abin da ya rage ki raba uku, biyu na kaya ɗaya na littafi, har sai kin kammala haɗa kayan da na lissafa miki, daga nan in kin ga dama ki juya lissafin.

Salam Anti, ni namiji ne na gama aji biyar ina jiran tafiya makarantar horar da lauyoyi. Ban taɓa mallakar kwat da wando na kirki ba, aro nake yi, kuma ana ce min hular gashin nan da baƙar rigar lauyoyi tsada gare su sosai. Mahaifina ya yi ritaya, bana son in ɗora masa nauyi. Me zan fara saya?

Daga ɗanki a Katsina

Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya saka maka da alheri da wannan tausayin mahaifi. Ka fara da kwat baƙi ɗaya da wando biyu, domin wando ne ke fara mutuwa, sai farar shat uku da baƙin nektayi da baƙin takalmi sau ciki. A gwanjo abin da za ka fi dubawa a kwat shi ne kafaɗa, in ta zauna daidai tela zai iya rage tsawon hannu ya kama ciki, in kafaɗa ta yi maka yawa kuwa ka bar shi domin gyaranta wuya gare shi kuma ba kasafai yake kyau ba. Kar ka riƙa wanke kwat kamar shat, ka kakkaɓe shi da buroshi ka rataye a hanga ya sha iska, musamman lokacin hunturu da ƙura. Shi ɗin dai za ka sa a liyafar cin abincin dare uku da ake wajabta muku, da lokacin da za a tura ku kotu da ofishin lauyoyi, dan haka ka zaɓe shi a nutse.

Hula da riga kuwa ba yanzu ba, sai ranar rantsar da ku ake buƙatarsu, kana da kusan shekara a gaba. Ka fara ajiye wani abu duk wata, ka kuma yi magana tun da wuri da waɗanda suka riga ku, da yawansu sun koma aikin banki ko ma'aikatar gwamnati ba sa shiga kotu, kayan na nan ajiye a akwati, wani zai sayar maka da sauƙi wani ma aro zai ba ka har ka fara samu ka sayi naka.